DASHEN ƊAN TAYI A MAHAIFA: ƊAYA ZA A DASA KO BIYU?

Gabatarwa

Rashin haihuwa matsala ce da ta daɗe tana kashe aure a ƙasar Hausa, kuma galibi mace ake ɗora wa laifi, alhali kuwa bincike ya nuna cewa a kusan rabin gidajen da ke da wannan matsala akwai hannun namiji a ciki. A wurin likitoci, ana cewa ma'aurata suna da matsalar haihuwa idan sun yi shekara guda cur suna tare, ba su kuma yi amfani da wata hanya ta hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai shiga ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum ɗaya cikin kowane mutum shida yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da kimiyya ta samar ita ce a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaje-gwaje, a rene su na 'yan kwanaki, sannan a mayar da abin da ya samu cikin mahaifarta. Ma'aikatan asibiti suna kiran wannan aiki IVF, jama'a kuma sukan ce dashen ƙwai. A wannan darasi za a kira abin da ya samu bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi da suna ɗan tayi, jam'insa 'yan tayi.

A ƙaddara wasu ma'aurata sun tashi daga Tambuwal ko Kebbe sun nufi Abuja bayan shekara tara suna nema. Sun sayar da shanu, sun jingine gona. An yi aiki, an sami 'yan tayi huɗu masu kyau. Sai likita ya zaunar da su ya ce, "Malam, Hajiya, yanzu sai mu shawarta guda nawa za a dasa." Amsar da za ta fara zuwa bakin kowa ita ce a dasa biyu ko uku, don kada kuɗi ya tafi a banza. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa ɗalibi dalilin da ya sa masana da yawa a yau suke ba da wata amsa dabam, da kuma yadda aka yi suka kai ga wannan amsa.

Mako na farko a rayuwar ɗan Adam

Kafin a fahimci aikin asibiti, wajibi ne a san yadda abin yake faruwa a jiki. Mace tana da gidan ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma a kowane wata ƙwai ɗaya ne yakan nuna ya fito. Girmansa kimanin kashi ɗaya bisa goma na milimita ne. Daga nan sai ya faɗa cikin wani siririn bututu da ya haɗe gidan ƙwai da mahaifa. A cikin wannan bututu ne yake gamuwa da ƙwayar maniyyi. Ƙwai yana kawo kuromosom 23, maniyyi ma yana kawo 23, su haɗu su zama 46. Waɗannan kuromosom su ne ke ɗauke da duk wani umurni na gado da jiki zai bi wajen ginuwa.

Bayan haɗuwa sai ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. A rana ta uku ɗan tayi yana da ƙwayoyin halitta shida zuwa takwas. A rana ta huɗu ƙwayoyin sukan dunƙule wuri ɗaya, kuma a daidai wannan lokaci ne yake isowa cikin mahaifa. A rana ta biyar ya zama kamar 'yar ƙwallo mai ruwa a ciki, da ƙwayoyin halitta ɗari ko fiye. Wannan mataki shi ake kira bulastosis. Ƙwayoyin da ke kewaye su ne za su zama mabiyiya, ɗan curin da ke ciki kuma shi ne zai zama jariri. A rana ta shida zuwa ta bakwai sai ya fasa ɓawonsa ya fara maƙalewa a bangon mahaifa.

Idan bututun nan biyu suka toshe, ƙwai da maniyyi ba za su taɓa gamuwa ba. Toshewar bututu tana daga cikin manyan dalilan rashin haihuwa a Afirka ta Yamma, kuma takan biyo bayan cutar da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari, ko cututtukan saduwa da ba a yi maganinsu da wuri ba. Domin irin waɗannan mata aka fara ƙirƙiro dashen ƙwai: ɗakin gwaje-gwaje ya yi aikin da bututu ya kasa yi.

Taƙaitaccen tarihi

An fara dashen ɗan tayi a dabbobi tun kafin a yi tunanin yin sa ga mutane. A shekarar 1890 wani masani a Ingila mai suna Walter Heape ya ciro 'yan tayi biyu daga zomanya irin ta Angora mai dogon farin gashi, ya sa su a jikin wata zomanya ta wani jinsi dabam. Ta haifi 'ya'ya shida, huɗu irin nata, biyu kuma 'yan Angora sak. Wannan ya nuna cewa mahaifa reno take yi, ba ta canza gadon da ɗan tayi ya zo da shi. A shekarar 1951 aka haifi ɗan maraƙi na farko ta wannan hanya a Amurka.

A ranar 25 ga Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila, ita ce mutum ta farko da aka samu ta hanyar haɗa ƙwai a waje. Likita Patrick Steptoe da masani Robert Edwards da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy ne suka yi aikin, kuma ɗan tayi ɗaya tak suka dasa. An ba Edwards lambar yabo ta Nobel a shekarar 2010. Daga wancan lokaci zuwa yau an haifi yara fiye da miliyan 10 ta wannan hanya.

A Nijeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie sun fara wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980, kuma sun ba da rahoton haihuwa a 1989. A watan Fabrairu na 1998 aka haifi yarinya ta wannan hanya a asibitin Nisa da ke yankin Abuja, a hannun Dokta Ibrahim Wada. Daga baya asibitocin gwamnati irin su Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin suka buɗe nasu sassan.

Matakan aikin

1. Ana yi wa mace allurai na kimanin kwana goma zuwa sha biyu domin ƙwai da yawa su nuna lokaci ɗaya, maimakon guda ɗaya.
2. Ana zuƙo ƙwan da siririyar allura, ana kallon hoton ciki a na'ura.
3. Ana haɗa su da maniyyin miji a cikin ɗan faranti. Idan maniyyin ya yi ƙaranci ko rauni, sai a ɗauki ƙwaya ɗaya a cusa ta cikin ƙwan kai tsaye, dabarar da aka fara samun haihuwa da ita a birnin Brussels na Beljiyam a 1992.
4. Ana ajiye su a akwatin reno mai zafi daidai da na jiki, wato digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ana duba su da madubin likita.
5. Ana ɗaukar ɗan tayi a cikin siririn bututun roba, a bi ta bakin mahaifa a ajiye shi a ciki. Wannan mataki ba ya wuce 'yan mintoci, kuma galibi ba ya bukatar allurar barci.
6. Bayan kamar mako biyu sai a gwada jini a ga ko ciki ya shiga.

A mataki na biyar ne ake fuskantar tambayoyi uku: guda nawa za a dasa, a wace rana za a dasa, sannan nan take za a dasa ko kuwa a daskarar da shi zuwa wani wata. Manomin albasa a fadamar Tambuwal ya san irin waɗannan tambayoyi. Yakan reni iri a wuri guda, ya jira ya yi ƙwari, ya gyara fangali, sannan ya dasa da tazara. Idan ya cunkushe su, kawunan ba za su yi girma ba.

Tambaya ta farko: guda nawa?

A shekarun 1980 da 1990 akan dasa uku ko huɗu a lokaci ɗaya, saboda damar kowane ɗan tayi ba ta da yawa, kuma ajiye ragowar ba shi da tabbas. Sakamakon haka sai asibitocin Turai da Amurka suka cika da tagwaye da 'yan uku.

Bahaushe yana son tagwaye, har ya tanadar musu sunaye, Hasan da Husaini ko Hasana da Husaina, ya kuma tanadar wa mai bi musu sunan Gambo. To amma ilimin halittu yana da abin faɗa a nan. Jar akuyar Sakkwato takan haifi biyu ba tare da wata wahala ba, domin mahaifarta tana da rassa biyu masu kama da ƙaho, kowane ɗa yana iya samun nasa gefen. Mahaifar ɗan Adam kuwa ɗaki ɗaya ce, kuma ta fi dacewa da ɗa ɗaya. Idan biyu ko uku suka shiga, abubuwan da kan biyo baya sun haɗa da waɗannan:

(a) Haihuwar bakwaini. Fiye da rabin tagwaye ana haihuwarsu kafin mako 37, alhali a cikin ɗa ɗaya abin bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. 'Yan uku kuwa kusan dukkansu bakwaini ne. Huhun jariri yana daga cikin gaɓoɓin da ke makara wajen nuna, don haka wanda ya zo da wuri sosai yakan kasa numfashi sai da taimakon na'ura.
(b) Rashin nauyi. Yawancin tagwaye ba sa kai kilo biyu da rabi, kuma ƙaramin jariri ya fi saurin kamuwa da sanyi da cuta.
(c) Naƙasa ta dindindin. Lalurar ƙwaƙwalwa da ke shanye gaɓoɓi ta fi yawa a tagwaye, ta kuma fi yawa a 'yan uku.
(d) Haɗari ga uwa. Hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga, yakan ninka biyu ko fiye. Haka nan ƙarancin jini, da zubar jini bayan haihuwa, da bukatar yin tiyata duk suna ƙaruwa.

Ganin haka sai masana suka tambayi kansu: shin idan aka dasa ɗaya aka ajiye ɗaya, nawa za a yi hasara? A shekarar 2004 Dokta Ann Thurin da abokan aikinta suka buga sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan mata 661, dukkansu 'yan ƙasa da shekara 36, kowacce kuma tana da aƙalla 'yan tayi biyu masu kyau. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko an dasa musu biyu lokaci ɗaya. Rukuni na biyu an dasa musu ɗaya, an daskarar da ɗaya, idan na farko bai kai ga haihuwa ba sai a dasa na biyun. A rukunin farko kashi 42.9 cikin ɗari suka haihu, a na biyu kashi 38.8. Amma a rukunin farko kashi 33.1 cikin ɗari na haihuwar tagwaye ne, a na biyu kuwa kashi 0.8 ne kacal. Wato an yi hasarar kamar kashi huɗu, an kuma kusan kawar da haɗarin tagwaye baki ɗaya.

Ɗalibin lissafi zai iya ganin dalilin da kansa. A ƙaddara, domin misali kawai, kowane ɗan tayi yana da damar kashi 30 cikin ɗari, kuma damar ɗaya ba ta shafi ta ɗayan ba. Idan aka dasa wa mata 100 biyu-biyu, waɗanda duka biyun za su faɗi su ne 0.7 sau 0.7, wato mata 49. Saura 51 za su haihu, kuma 9 daga cikinsu, wato 0.3 sau 0.3, tagwaye za su haifa. Idan kuwa aka dasa ɗaya-ɗaya, mata 30 za su haihu a karon farko. Sauran 70 a dasa musu na biyu, kashi 30 cikin ɗari nasu, wato mata 21, su haihu. A tara 30 da 21, an sami 51. Adadin bai canza ba. Darasin shi ne ɗan tayi ba ya ƙara wa ɗan'uwansa dama don an sa su tare. Abin da ake ƙarawa kawai shi ne yiwuwar su zo tare. Sharaɗin wannan lissafi shi ne ɗan tayin da aka ajiye ya farfaɗo lafiya.

Ƙasashe da dama sun yi aiki da wannan ilimi. A 2003 gwamnatin Beljiyam ta amince ta biya kuɗin ɗakin gwaje-gwaje har sau shida, bisa sharaɗin a taƙaita yawan 'yan tayin da ake dasawa, kuma matar da ba ta kai shekara 36 ba ɗaya za a dasa mata a karon farko. Yawan tagwaye ya faɗo da fiye da rabi. A Birtaniya, hukumar da ke sa ido kan wannan aiki ta nuna cewa a 2008 kashi 24 cikin ɗari na haihuwar dashen ƙwai tagwaye ne ko fiye, amma a 2019 adadin ya koma kashi 6, kuma yawan masu samun haihuwa bai ragu ba. A ɗaya gefen kuma, a 2009 wata mata a jihar Kalifoniya ta Amurka ta haifi 'ya'ya takwas bayan an dasa mata 'yan tayi 12, kuma a 2011 aka ƙwace lasisin likitan da ya yi aikin.

Ya kamata a lura cewa ko ɗaya aka dasa, yana iya rabuwa biyu a sami tagwaye masu kama ɗaya. Wannan yakan faru a kamar kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari.

Tambaya ta biyu: rana ta uku ko ta biyar?

A kwanaki biyu na farko ɗan tayi yana rayuwa ne da guzurin da ƙwan uwa ya zo da shi. Wajen rana ta uku sai nasa kuromosom su karɓi ragama. Wanda ke da babban lahani sau da yawa a nan yake tsayawa, shi ya sa kimanin rabi ne kawai, ko ƙasa da haka, na ƙwan da suka haɗu da maniyyi ke kai wa matakin bulastosis. Saboda haka jira zuwa rana ta biyar tamkar tankaɗe ne: yana nuna wa masani wanda ya fi ƙarfi. Bugu da ƙari, a jiki ma ɗan tayi ɗan kwana uku yana cikin bututu ne, bai iso mahaifa ba.

A 2006 wani bincike a Brussels a kan mata 351 'yan ƙasa da shekara 36 ya kwatanta dasa ɗaya a rana ta uku da dasa ɗaya a rana ta biyar. Masu rana ta uku kashi 21.6 cikin ɗari suka haihu, masu rana ta biyar kashi 32. Amma wannan lissafin dashe na farko ne kawai. A 2024 masana a ƙasar Holan suka bi mata 1,202, suka ƙirga har da haihuwar da aka samu daga 'yan tayin da aka ajiye. Sai aka sami kashi 58.9 cikin ɗari ga masu rana ta biyar, kashi 58.4 ga masu rana ta uku, wato kunnen doki. Abin da wannan ke nufi shi ne jira ba ya gyara ɗan tayi, zaɓe kawai yake sauƙaƙawa, ya kuma rage yawan dashen da mace za ta sha kafin ta dace. Ga matar da ta sami 'yan tayi da yawa, jira yana da amfani. Ga wadda ta sami ɗaya ko biyu kacal, babu abin zaɓa, kuma akwai tsoron a wayi gari rana ta biyar babu abin dasawa. Irin wannan akan dasa mata da wuri.

Tambaya ta uku: sabo ko daskararre?

Ana ajiye ɗan tayi a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A wannan sanyi duk wani aiki na ƙwayar halitta yana tsayawa cak. Haihuwa ta farko-farko daga daskararren ɗan tayi ta faru ne a shekarun 1983 da 1984 a Holan da Ostireliya. Matsalar tsohuwar hanya ita ce ruwan da ke cikin ƙwayar halitta yakan zama ƙanƙara mai tsini ya yayyaga ta. Sabuwar hanya, wadda ta bazu cikin shekarun 2000, tana janye ruwan ta kuma sanyaya ɗan tayi cikin ƙiftawar ido, ya sandare kamar gilashi ba tare da ƙanƙara ta fito ba. A ɗakin gwaje-gwaje mai inganci fiye da kashi 90 cikin ɗari suna farfaɗowa. A 2025 an haifi yaro a Amurka daga ɗan tayin da aka daskarar tun 1994.

Me zai sa a jinkirta dashe? Alluran da ake yi don ƙwai su nuna suna ɗaga sinadaran homon a jini fiye da kima, wanda kan sa bangon mahaifa ya riga ɗan tayi shiri. Haka kuma wasu mata gidan ƙwansu yakan kumbura, ruwa ya taru a ciki da ƙirji, kuma shigar ciki a wannan wata yana ƙara tsananta lalurar.

Masana a ƙasar Sin sun gwada wannan sau biyu. A 2016 sun yi bincike a kan mata 1,508 masu lalurar nan da gidan ƙwai ke tara ƙananan jakunkuna, haila kuma ba ta zuwa kan lokaci. Waɗanda aka dasa wa daskararre kashi 49.3 cikin ɗari suka haihu, masu sabo kashi 42. Kumburin gidan ƙwai ya sami kashi 1.3 na masu daskararre, kashi 7.1 na masu sabo. Amma hawan jinin masu ciki mai haɗari ya fi yawa a masu daskararre, kashi 4.4, a kan kashi 1.4. A 2018 suka sake gwadawa a kan mata 2,157 masu haila daidai, sai aka sami kashi 48.7 da kashi 50.2, wato babu bambanci. Saboda haka daskarar da dukkan 'yan tayi ba dokar kowa ba ce. Magani ne ga wadda ke cikin haɗarin kumburi ko wadda bangon mahaifarta bai shirya ba. Babban amfanin daskarewa ga sauran mata shi ne ya ba da damar a dasa ɗaya yau ba tare da an zubar da sauran ba.

Shekarun mace

Babu wata dabara cikin ukun nan da ta kai shekarun mace tasiri. Ana haifar mace da dukkan ƙwan da za ta taɓa samu, kuma yayin da suke tsufa kuskure yana ƙaruwa wajen rabon kuromosom. A mace 'yar shekara 30 kimanin ɗaya cikin uku na 'yan tayi yana da kuromosom da suka ƙaru ko suka ragu. A 'yar shekara 40 abin ya wuce rabi. Irin wannan ɗan tayi galibi ba ya kamawa, ko ya kama a yi ɓarinsa. Don haka ƙa'idojin ƙasashe da yawa suka yarda a dasa biyu ga mace mai manyan shekaru ko wadda aka yi ta dasa wa ba a dace ba. Don haka kuma bai kamata ma'aurata su shafe shekara goma suna yawon neman magani kafin su je asibiti, su biyun, a duba su ba.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata a gyara. Wasu suna zaton idan mace ta miƙe tsaye bayan dashe ɗan tayin zai faɗo. Bangon mahaifa na gaba da na baya a haɗe suke, kuma bincike ya nuna kwanciya ta kwanaki ba ta ƙara damar ɗaukar ciki.

Daga Abuja zuwa Tambuwal

Binciken da aka ambata an yi su ne a ƙasashen da ɗakin renon bakwaini yake kusa da kowace uwa. Matar da aka yi wa dashe a Abuja ko Legas kuwa gida za ta koma ta reni cikinta. Tsakanin Tambuwal da birnin Sakkwato akwai kusan kilomita 100, Kebbe kuma ta fi haka nisa. Idan naƙuda ta taso wa mai tagwaye a wata na bakwai da tsakar dare, kulawar da jariran ke bukata, ta kwalbar reno da na'urar numfashi, sai a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko na Birnin Kebbi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duniya a shekarar 2020 a Nijeriya suke. Ke nan hujjar dasa ɗaya ta fi ƙarfi a nan fiye da Turai.

Amma a nan ne kuma matsin dasa da yawa ya fi tsanani. Aikin yana cin miliyoyin naira, mutum ne ke biya daga aljihunsa, kuma wanda ya sayar da abin hannunsa ba ya ganin zai iya dawowa karo na biyu. Matar ma tana jin gorin dangi a kunnenta. Ba za a ga laifinsu ba. Sai dai ya kamata a sa abu biyu a cikin lissafi: dashen daskararren ɗan tayi ya fi sake aikin daga farko arha nesa ba kusa ba, domin babu alluran nunar da ƙwai kuma babu zuƙo su, sannan jinyar bakwaini biyu na makonni ita ma tana da nata kuɗin, ban da abin da kuɗi ba ya mayarwa.

Tambayoyin da ya dace ma'aurata su yi wa likita sun haɗa da: cikin mata masu irin shekarunta, nawa ne suka koma gida da jariri a hannu, ba nawa ne gwajinsu ya nuna ciki ba? Nawa ne daga cikinsu suka haifi tagwaye? Kashi nawa na daskararrun 'yan tayi ke farfaɗowa a wannan asibiti, kuma wane tanadi aka yi na ruwan naitirojin da wutar lantarki? Nawa ne kuɗin ajiya da na dashe na biyu?

Matsayin shari'a

Tun a 1980 Muftin Masar na lokacin, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halaccin wannan aiki idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta tabbatar da haka idan akwai bukata, ta kuma haramta shigo da ƙwai ko maniyyi ko mahaifar wani na uku, domin kiyaye nasaba. Malamai da dama sun ƙara da cewa ɗan tayin da aka ajiye ba a dasa shi sai igiyar aure tana nan.

Kammalawa

Hausawa sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Gwajin jini da ya nuna ciki ya shiga ba shi ne nasara ba; nasara ita ce jariri mai lafiya da ya cika watanninsa, da uwa mai lafiya da za ta rene shi. Idan aka auna da wannan ma'auni, ga mace mai ƙananan shekaru da 'yan tayi masu kyau, dasa ɗaya a ajiye saura ya fi dasa biyu lokaci ɗaya. Zaɓen rana da zaɓen sabo ko daskararre kuwa sun danganta ne da yawan 'yan tayin da aka samu da halin da jikin matar yake ciki, kuma likitan da ya duba ta ne zai ba da shawara a kai.

Tambayoyi domin aji

1. Bayyana abin da ke faruwa ga ɗan tayi daga rana ta ɗaya zuwa ta bakwai, ka kuma faɗi inda yake a jiki a kowane mataki.
2. Me gwajin Walter Heape ya tabbatar game da gado?
3. Zana mahaifar akuya da ta ɗan Adam, ka nuna bambancinsu.
4. Idan damar kowane ɗan tayi kashi 30 ce cikin ɗari, aka dasa wa mata 1,000 uku-uku, nawa ne ba za su haihu ba? Nawa za su haifi ɗaya, nawa tagwaye, nawa 'yan uku?
5. Me ya sa binciken 2006 da na 2024 kan ranar dashe suka ba da amsoshi mabambanta, alhali babu wanda ya yi kuskure?
6. Kawo dalilai biyu da za su sa ma'aurata daga Kebbe su nemi a dasa musu uku, da dalilai biyu da za su sa likita ya ba su shawarar ɗaya.